Bin Sawun Ranar Ma'aikata: Daga Shikago Zuwa Paris da Santambul

Wanda bai san wurin ba zai wuce bai ko waiwaya ba. Titin Desplaines, tsakanin Randolph da Lake a birnin Shikago, ba shi da wata alama daga nesa: dogayen gidaje, motoci a fake, jirgin ƙasa na wucewa ta kan gadar ƙarfe yana ƙara. Na sauka a tashar Clinton a ƙarshen Afrilun 2023, na taka 'yan mintoci, sai ga abin da na zo nema a bakin titi. Amalanke ne na tagulla, launinsa kamar jan ƙasa, da siffofin mutane marasa fuska, wasu a kai, wasu a ƙasa suna tallafe da shi. Mary Brogger ce ta ƙera shi, aka kafa a 2004, daidai inda amalanken masu jawabi ya tsaya a daren 4 ga Mayu, 1886. A jikin dakalin da ke ɗauke da shi an manna ƙananan allunan ƙarfe da ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasashe daban-daban suka aiko, kowace da harshenta.

Buƙatar da ta tara mutane a nan guda ɗaya ce, kuma ko wanda bai yi boko ba zai iya ƙirga ta da yatsu. A 1884 tarayyar ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka da Kanada ta yanke cewa daga 1 ga Mayu, 1886, aikin yini ya koma awa 8. A lokacin leburan masana'anta kan yi awa 10 zuwa 12, kwana shida a mako. Takensu ya raba yini gida uku: takwas na aiki, takwas na hutu, takwas na abin da mutum ya ga dama. Ranar ta faɗo Asabar, kuma Asabar ranar aiki ce a wancan zamani, don haka duk wanda ya fito ya fito ne a bakin albashinsa. Sama da ma'aikata 300,000 suka ajiye aiki a faɗin ƙasar, Shikago ce cibiya. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka buɗe wa masu yajin aiki wuta a ƙofar masana'antar McCormick mai ƙera injinan girbi, suka kashe aƙalla biyu. Taron Haymarket, wato dandalin kasuwar ciyawa, na kashegari an kira shi ne don nuna fushi kan wannan kisa.

Sai mutum ya tsaya a wurin ya dubi faɗin titin zai gane yadda abin ya auku. Ba a cikin dandalin kasuwar ciyawa aka yi taron ba. An sa ran mutum 20,000, waɗanda suka zo ba su wuce 2,000 zuwa 3,000 ba, sai August Spies, ɗaya daga cikin jagororin ma'aikata, ya janye taron daga fili mai faɗi ya kawo shi wannan titi, dab da bakin wani lungu. Shirin ma a gurguje aka yi shi. Takardar gayyata ta farko ta fito da wani layi da ke cewa ma'aikata su zo da makamai. Spies ya ce ba zai yi jawabi ba sai an cire, aka kuwa cire, amma 'yan ɗaruruwan kwafi sun riga sun shiga gari, kuma su masu gabatar da ƙara suka ɗaga a kotu daga baya. Magajin gari Carter Harrison ya zo da kansa, ya saurara, ya gaya wa 'yan sanda babu wani tashin hankali, ya tafi gida. Hadari ya taso, jama'a suka ragu saura 'yan ɗaruruwa. Wajen ƙarfe goma da rabi na dare, Samuel Fielden na dab da rufe jawabinsa, 'yan sanda kusan 180 suka shigo a jere suka ce a watse. Wani da har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba ya jefa bam. 'Yan sanda suka yi ta harbi cikin duhu, har suna samun junansu. Bakwai daga cikinsu suka mutu, da aƙalla farar hula huɗu.

Alhakin jinin yana wuyan wanda ya jefa bam da waɗanda suka auka wa taron da ke shirin tashi. Amma duk mai shirya gangami ya kamata ya dubi abubuwa ukun nan da idon basira: layi ɗaya a takarda, sauya wuri ba tare da duba mafita ba, da rashin masu tsare gefen taro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutum takwas aka gurfanar gaban alƙali Joseph Gary, ba tare da an nuna cewa ɗayansu ne ya jefa bam ɗin ba. George Engel yana gida lokacin da abin ya faru, Albert Parsons kuma ya riga ya bar wurin. Ranar 11 ga Nuwamba, 1887, aka rataye Spies da Parsons da Engel da Adolph Fischer. Louis Lingg ya kashe kansa a kurkuku ana jajibirin ranar. Sauran ukun sai a Yunin 1893 gwamna John Peter Altgeld ya yi musu afuwa, ya rubuta dalla-dalla cewa an tsinto masu taimaka wa alƙali ne da gangan, alƙalin kuma ya nuna son kai.

Kaburburansu na maƙabartar Forest Home, wadda a da ake kira Waldheim. Jirgin layin shuɗi ake hawa har tasharsa ta ƙarshe a Forest Park, daga nan a ƙarasa da ƙafa. Abin tunawar da Albert Weinert ya sassaƙa mace ce cikin mayafi, tana tsaye a gaban ma'aikacin da ya faɗi, tana ɗora masa kambun ganye a kai. A ƙasa an rubuta maganar Spies ta ƙarshe, cewa rana na zuwa da shirunsu zai fi ƙarfin muryoyin da ake shaƙewa yau. Na tarar da jajayen furanni da bajojin ƙungiyoyi an jera a ƙafafun macen, wasu sun yi tsatsa, wasu sababbi. Kabarin Lucy Parsons, matar Albert Parsons, wadda ta ci gaba da gwagwarmaya har mutuwarta a 1942, na nan kusa, ƙaramin dutse ne da sai an sunkuya ake karanta shi.

Ita kanta Amurka ba ta hutun 1 ga Mayu. Tun 1894 ta ajiye ranar ƙwadagonta a Litinin ta farko ta Satumba, kuma makon aiki na awa 40 bai zama doka a can ba sai 1940, shekara 54 bayan Haymarket.

A Paris aka mayar da ranar ta duniya. A Yulin 1889 taron jam'iyyu da ƙungiyoyin ma'aikata na ƙasa da ƙasa ya yanke cewa ranar 1 ga Mayu, 1890, a fito a kowace ƙasa a lokaci guda kan buƙatar awa 8. Daga nan kowace ƙasa ta biya nata kuɗin. A Fourmies, garin masaƙu a arewacin Faransa, sojoji sun harbe mutum 9 a 1891, yawancinsu matasa. A Balin an kashe sama da 30 a 1929. Hitler ya mayar da ranar hutun gwamnati a 1933, kashegari 2 ga wata ya aika aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago aka kame shugabanninsu, abin da ya isa ya nuna cewa samun hutu a kalanda ba ya nufin ma'aikaci ya samu 'yanci. Indiya ta fara a Madras a 1923. A Afirka ta Kudu ma'aikata kimanin miliyan ɗaya da rabi suka ƙi fita aiki a 1986 bisa kiran tarayyar ƙwadago ta COSATU, suka ƙwaci ranar da ƙarfinsu tun gwamnatin wariyar launin fata na kan mulki. Indonesiya kuwa sai 2014 ta dawo da hutun. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a 1919 ita ce ta awa 8 a yini, 48 a mako.

Na isa Paris ana saura kwana biyu. Da safiyar Litinin 1 ga Mayu, 2023, shaguna a rufe, a kusurwoyin tituna mutane na sayar da wani farin fure mai kama da ƙananan ƙararrawa, wanda suke kira muguet, domin a wannan rana kaɗai ake barin kowa ya sayar da shi. A dokar ƙwadagon Faransa ita ce ranar hutu ɗaya tilo da ta zama dole a biya ma'aikaci yana gida, wanda kuwa aikinsa ba ya tsayawa, kamar na asibiti, a biya shi ninki biyu. Shekarar ta zo da zafi: gwamnati ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, ta bi ta sashe na 49.3 na tsarin mulki ta zartar ba tare da ƙuri'ar majalisa ba, kuma manyan ƙungiyoyi takwas sun fito tare, abin da rabon a gani a ranar ma'aikata tun 2009.

Tattaki irin wannan aiki ne da ake fara shi tun makonni kafin ranar. Doka ta ce a sanar da hukuma aƙalla kwana 3 kafin fita, kada kuma ya wuce kwana 15, a rubuta sunan masu shiri, manufa, lokaci da hanyar da za a bi. A kan hanyar ake cinikin gaske. Ta wannan rana daga dandalin République ce zuwa dandalin Nation ta titin Voltaire, kusan kilomita 3, miƙaƙƙe mai faɗi, da ƙananan tituna da yawa a gefe. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kan hanyar an rufe su tun kafin azahar, don haka mai son zuwa sai ya sauka tasha ɗaya ko biyu baya ya taka, ya kuma sa rai za a buɗe jakarsa.

Jerin kansa yana da tsari kamar ayari. A gaba akwai sahun shugabanni, riƙe da dogon ƙyalle guda. Sophie Binet, shugabar ƙungiyar ƙwadago ta CGT wadda aka zaɓa wata ɗaya kafin nan, da Laurent Berger na ƙungiyar CFDT suna ciki. Kewaye da su dogaran ƙungiya ne, maza da mata masu ɗamara a dantse, sun sarƙe hannu ko sun riƙe igiya. Bayansu ƙungiyoyi ke biyowa bisa jerin da aka amince tun a teburin shiri, kowace da motarta mai lasifika da ƙaton balan-balan a sama. Baƙo zai ɗauka ado ne. Alama ce: ma'aikacin jirgin ƙasa ko malamin makaranta da ya fito daga wata unguwa, a cikin mutum dubu ɗari, da wannan balan-balan zai hango reshensa. Motar kuma ita ce birki. Tsakanin kowane rukuni da na gabansa ana barin tazara da gangan, kuma wannan tazarar ita ce ran mutane.

Na ga amfaninta da idona. Tun 2016 akan samu wani rukuni da ke shiga gaban sahun shugabanni, ba ya ƙarƙashin kowace ƙungiya, a cikinsa akwai masu baƙaƙen kaya da rufe fuska. Da suka fara arangama da 'yan sanda a can gaba, sai kan ayarin ya tsaya cak, alhali wutsiyarsa ba ta ma bar République ba, tana ta turowa. Wani dogari mai furfura da ke kusa da ni, ruwan saman da aka tafka ya jiƙe masa riga, ya kara rediyo a kunne, ya ɗaga hannu ɗaya, direban motarsu ya taka birki. Ya juya ya fuskanci jama'arsa, yana kiran su kwamared, yana cewa a tsaya a nan, kada a cike filin da ke gaba. Saƙon ya bi mota zuwa mota har baya. Lissafin da ke kansa sananne ne ga masu nazarin cunkoso: mutum 1 ko 2 a murabba'in mita suna tafiya a sake, daga 4 zuwa 5 hatsari ya soma, idan aka kai 6 ko fiye mutum ba ya iya sarrafa ƙafarsa, taron ke ɗaukarsa kamar ruwa, kuma abin da ke kisa a nan matsewar ƙirji ce a tsaye, ba tattakewa ba. Muka tsaya kusan rabin awa, wasu na gunaguni, shi kuwa bai matsa ko taku ɗaya ba sai da rediyon ya sake magana.

Barkonon tsohuwa ya iso mu sau biyu kusa da Nation. Abin da tsofaffin hannu ke yi iri ɗaya ne: ba sa gudu, domin gudu ke kayar da na baya, suna duban inda iska ke kaɗa tutoci su ratsa ta gefe, ba sa murza ido, sai dai su wanke da ruwan gishirin asibiti, wanda masu agajin sa-kai ke ɗauke da shi a ƙananan robobi. Ba sa taɓa gwangwanin da aka harbo, don yana ƙuna, wani kuma fashewa yake yi. Da yawa sun rubuta lambar lauya a dantse da biro, saboda waya ita ake fara karɓewa, kuma tsarewar farko awa 24 ce, ana iya ƙara wata 24. Rufe fuska a wurin da ake hargitsi laifi ne tun dokar 2019, hukuncinsa na iya kai shekara ɗaya a gidan yari.

Da dare aka shiga rikicin alƙaluma kamar kullum. Ma'aikatar cikin gida ta ce mutum 782,000 suka fito a faɗin ƙasar, CGT ta ce miliyan 2.3. A Paris kaɗai, 112,000 a bakin 'yan sanda, 550,000 a bakin ƙungiya. 'Yan sanda kan hau bene a kan hanya su ƙirga sahu-sahu da na'urar dannawa, su bar na gefen titi da waɗanda suka bi wata hanya. Ƙungiya kuwa takan haɗa da duk wanda ya leƙo. Mai son kusantar gaskiya ya auna tsawon hanyar da faɗinta, ya ninka da cunkoson da ya gani, ya lura da awa nawa jerin ya ɗauka kafin ya wuce wuri guda.

Ko da wane lissafi aka bi, taron ya yi girma, kuma shi ne fita ta 13 kan batun fansho. Duk da haka dokar ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, 2023. A ganina dalilin a bayyane yake. Tattaki a ranar hutu ba ya rage wa mai masana'anta ko gwamnati ko sisi. A 1995 gwamnatin firaministan Faransa Alain Juppé ta janye shirinta kan fanshon ma'aikatan gwamnati ne bayan jiragen ƙasa sun tsaya mako uku. A 2023 masu kwashe shara na Paris sun yi nasu, har shara ta kai tan 10,000 a tituna cikin Maris, ma'aikatan matatun mai ma sun yi, amma yajin bai bazu ba. A Faransa ba a biyan kwanakin yaji, ma'aikaci ɗaya cikin goma ne kawai ke da katin ƙungiya, asusun tallafa wa masu yaji kuma ba ya ɗaukar mutum watanni. Bokitan tara gudunmawa da na ga ana zagayawa da su a cikin jerin, su ne ma'aunin ƙarfin da ya rage.

Shekara ta zagayo na tafi Santambul, inda rigimar ba ta tsaya kan albashi kaɗai ba, har da fili. Na fara da gangaren Kazancı, ana saura kwana biyu ranar. Yana fita ne daga kusurwar dandalin Taksim, dab da otal ɗin da a yau ake kira The Marmara, ya gangara da ƙarfi zuwa wajen teku. Da ƙyar mota biyu ke giftawa a cikinsa, gidaje sun matse shi hagu da dama. Na tsaya a bakinsa na waiwayi dandalin, fili fetal mai ɗaukar dubban ɗaruruwa, na sake duban wannan maƙogwaro da ke gabana, sai jikina ya yi sanyi.

Ranar 1 ga Mayu, 1977, kimanin mutum 500,000 suka cika Taksim bisa kiran tarayyar ƙwadago ta DİSK. Da yamma, shugabanta Kemal Türkler na ƙarasa jawabi, aka fara harbi. Shaidu sun ce daga saman ginin hukumar ruwa da kuma otal ɗin, wanda a lokacin ake kira Intercontinental, harsasan suka fito. Motocin sulke na 'yan sanda suka kutsa cikin jama'a da jiniya. Mutane suka kwarara zuwa mafita mafi kusa, wato Kazancı, suka tarar da wata babbar mota a tsaye ta toshe shi. Aƙalla mutum 34 suka mutu, kuma harsashi kaɗan ya kashe, mafi yawansu a wannan gangare numfashinsu ya ƙare. Ba a taɓa hukunta kowa kan kisan ba. Shi kansa Türkler an harbe shi a ƙofar gidansa a Yulin 1980, wata biyu kafin juyin mulkin sojan da ya haramta ranar. Kowace shekara kafin 1 ga Mayu 'yan ƙwadago da iyalan mamatan kan zo nan su ajiye jajayen furanni. Na tarar da su zube a gindin bango, wata dattijuwa da ɗankwali tana gyara waɗanda iska ta watsar, tana jera su ɗaya bayan ɗaya, kawunansu duka na kallon dandalin.

Shi ya sa ƙungiyoyi ba sa yarda a musanya musu Taksim da wani fili, komai girmansa. An mayar da ranar hutu a 2009, aka bar taro a dandalin daga 2010 zuwa 2012, aka yi aka tashi lafiya, sannan aka sake hanawa daga 2013. A ƙarshen 2023 kotun tsarin mulkin Turkiyya ta yanke cewa hanin ya tauye 'yancin taro. Duk da wannan hukunci, gwamnati ta ce a 2024 ma ba za a shiga ba, ministan cikin gida na lokacin Ali Yerlikaya ya ce an baza 'yan sanda sama da 42,000 a birnin.

Rufe birni irin wannan ba a bakin dandali ake yin sa ba. Tun asuba jirgin ƙarƙashin ƙasa ya daina tsayawa a tashoshin da ke kewaye da Taksim, jiragen fito da ke haɗa ɓangaren Asiya da na Turai suka daina zuwa matsayar da ke kusa, tituna suka cika da shingen ƙarfe da tsayinsa ya fi mutum. Wanda ya kwana a otal a cikin da'irar sai ya nuna takarda kafin ya fita ko ya koma. Ƙananan tawagogin wasu ƙungiyoyi kaɗai aka bari suka ajiye furanni a gindin abin tunawa da kafa jamhuriya. Mai son ganin ranar ya kwana a tsohon birni, ya sa takalmin tafiya, ya riƙe fasfo a jikinsa.

DİSK da ƙawayenta, tare da babbar jam'iyyar adawa CHP, sun tara jama'a a Saraçhane, gaban ofishin magajin gari, da niyyar takawa kusan kilomita 4 zuwa Taksim. Hanyar ɗaya ce: titin Atatürk, wanda ke ratsawa ta ƙarƙashin tsohuwar gadar ruwa ta Bozdoğan da Rumawa suka gina a ƙarni na 4, sannan gadar Unkapanı, sannan hawa. 'Yan sanda ba su sha wahalar neman inda za su tsaya ba. Sun cike kowace ƙofa ta gadar dutsen da sahu-sahun garkuwa, motocin feshin ruwa a bayansu, wasu kuma a saman ginin. Ta fuskar tsaron rai wurin ya fi Kazancı nesa ba kusa ba, don akwai fili da lambu a baya inda mutum zai ja. Ta fuskar isa Taksim kuwa, wanda ya zaɓi wurin taruwar ya riga ya miƙa wa ɗaya ɓangaren makullin.

Shugabanni suka je suka yi magana da manyan 'yan sanda, suka dawo, ba a jima ba kwamitin shiri ya sanar da cewa an fasa tattakin. A nan abu ya lalace. Manyan ƙungiyoyi suka naɗe tutoci suka juya, dogaransu suka bi su, aka bar ɗalibai da ƙananan ƙungiyoyi a gaban garkuwa ba mai tsare musu gefe, ba mai rediyo, ba mai cewa a ja baya. Suka tura shingen da sandunan tuta, aka amsa musu da barkonon tsohuwa da harsashin roba. Ban ga laifin wanda ya ƙi jefa jama'arsa cikin wannan bango ba. Abin da na ga ya rasa shi ne shirin janyewa: duk wanda ya kira mutane fili, wajibi ne tun kafin ranar ya yanke wa zai sanar da fasawa, da wace lasifika, ta wace hanya za a fita, kuma dogarai su ne na ƙarshen barin wuri.

Kwalayen da aka ɗaga a Saraçhane sun fi maganar tukunya. Mafi ƙarancin albashi a shekarar lira 17,002 ne a wata, hauhawar farashi a hukumance ta kusa kashi 70 cikin 100, gwamnati kuma ta ce babu ƙari a tsakiyar shekara. Wasu na ɗauke da lamba 301, yawan mahaƙan kwal da suka mutu a garin Soma na Turkiyya ranar 13 ga Mayu, 2014. Yajin aiki halal ne a dokar ƙasar, amma shugaban ƙasa na da ikon ɗage shi na kwana 60 da sunan tsaron ƙasa, idan kuma wa'adin ya cika ba a daidaita ba, maganar hukumar sasanci take tafiya, ba a koma yajin. Kafin ƙungiya ta zauna teburin ciniki ma sai ta tara kashi 1 cikin 100 na ma'aikatan fannin a ƙasa baki ɗaya, da fiye da rabin na wurin aikin, kuma shari'ar tantance wannan lissafi kan ɗauki shekaru, a cikinsu ana sallamar waɗanda suka fara yin rajista.

Kafin magariba hukuma ta ce an kama sama da mutum 200. Daga nan wani aikin ya soma, wanda ba ya fitowa a hoto. A gefen lambun na ga 'yan wata ƙaramar ƙungiya sun kewaye wata matashiya mai riƙe da takarda, tana kiran suna ɗaya-ɗaya, wanda ya amsa ta soke, wanda bai amsa ba ta tambayi wa ya gan shi a ƙarshe, a ina, da ƙarfe nawa. Sunaye huɗu suka rage ba a soke ba. Ta karanta su ta waya ga lauyoyin sa-kai, waɗanda za su bi su asibiti inda ake duba jikin wanda aka kama, su bi su hedikwatar 'yan sanda da ke titin Vatan, sannan kotun Çağlayan. A kwanakin da suka biyo baya an bi wasu har gida da asuba an ɗauko su, alƙalai kuma suka tura gommai gidan yari kafin shari'a.